Dalilin Da Ya Sa Ake Ƙayyade Yawan Wasiƙun Imel Da Mutum Zai Iya Aikawa

MINNA — Duk wata ma'aikata, makaranta ko kamfani da ya mallaki adireshin imel na kansa a Minna, babban birnin Jihar Neja, yana fuskantar wata tambaya wadda a ido ƙarama ce, amma kuskure wajen amsa ta kan iya tsayar da harkokin ofis na kwanaki. Tambayar ita ce: wasiƙa nawa ya kamata a bar mutum ɗaya ya aika a cikin sa'a guda, ko kuma a cikin yini guda?

Batun ya shafi Minna ƙwarai, domin garin ya tara hukumomin da aikinsu ya dogara ga aika saƙo zuwa ga jama'a masu yawa a lokaci ɗaya. A nan ne Jami'ar Fasaha ta Tarayya take, wadda aka kafa a 1983, mai harabobi biyu a Bosso da Gidan Kwano da dubban ɗalibai da malamai. A nan ne kuma hedkwatar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, wato NECO, wadda aka kafa a 1999, wadda ɗalibai sama da miliyan ɗaya kan zauna jarrabawarta ta kammala sakandare a shekara. Ban da waɗannan akwai ma'aikatun gwamnatin jiha, da Kwalejin Ilimi ta Jiha, da rassan bankuna, da otal-otal, da 'yan kwangila, da ƙananan 'yan kasuwa da ke aika takardun farashi da na neman biyan kuɗi ta hanyar imel.

Mutane da yawa kan ɗauki iyakar da ake sa musu a matsayin rowa ko takurawa daga masu kula da na'urori. To amma idan aka duba lamarin ta fuskar tattalin arziki, za a ga cewa iyakar tana tsare wata kadara ce da dukkan ma'aikatan wuri suka yi tarayya a kanta, wato kyakkyawan sunan tashar da wasiƙunsu ke fita daga cikinta.

Yadda tashar wasiƙu take aiki

Idan ma'aikaci ya rubuta wasiƙa a kwamfutarsa ko wayarsa ya danna aikawa, wasiƙar ba ta tafiya kai tsaye zuwa ga wanda aka rubuta wa. Takan fara sauka ne a wata babbar na'ura da masu sana'ar ke kira saba, wadda za a iya kwatanta ta da gidan waya na unguwa. Wannan tasha ita ce za ta duba adireshin, ta nemo tashar da ke karɓar wasiƙun wancan ɓangaren, ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, sannan ta miƙa saƙon. Tashar da ta karɓa ita ke ajiye shi a akwatin mai shi.

Ƙa'idar da tasoshin duniya ke bi wajen wannan miƙa-miƙa ana kiranta SMTP. Wani masani ɗan Amurka mai suna Jon Postel ne ya rubuta ta a 1982, aka kuma yi mata kwaskwarima a 2001 da 2008. A lokacin da aka tsara ta, masu amfani da hanyar sadarwar kaɗan ne, galibinsu malaman jami'a da ma'aikatan cibiyoyin bincike waɗanda suka san juna. Saboda haka an gina ta ne bisa amana. Ba ta tambayi mai aikawa shaidar ko shi wane ne ba, ba ta sa masa kuɗi ba, ba ta kuma faɗi yawan abin da zai aika ba. Har zuwa tsakiyar shekarun 1990, tasoshi da dama kan karɓi wasiƙar kowane baƙo su isar masa da ita duk inda ya ce, ba tare da wani sharaɗi ba.

Wasiƙar da ba ta da kan sarki

Tushen matsalar yana ga wanda ke biyan kuɗin isar da saƙo. Kafin 1840, a Ingila, yawanci wanda aka kawo wa wasiƙa shi ke biyan ladan ɗauko ta. A wannan shekarar ce, bisa shawarar Rowland Hill, aka fito da kan sarki na farko, aka ɗora biyan kuɗin a kan mai aikawa tun kafin wasiƙar ta bar hannunsa. Wannan tsari ne gidajen waya na duniya suka gada, har da Hukumar Gidan Waya ta Nijeriya. Amfaninsa a fili yake. Idan, a misali, kan sarki Naira 50 ne, wanda ke son aika wasiƙa miliyan ɗaya sai ya tanadi Naira miliyan 50, don haka dole ya yi tunani kafin ya rubuta.

Imel ya mayar da hannun agogo baya. Mai aika wasiƙa miliyan ɗaya kusan ba abin da zai kashe fiye da mai aika guda goma, alhali wahalar ajiya, da tacewa, da ɓata lokacin karantawa duk suna kan mai karɓa da tasharsa. Kayan da aka ce kyauta ne kuwa, sai an samu mai kwasar fiye da ƙima. Tun a watan Mayu na 1978 wani jami'in talla na kamfanin DEC a Amurka, Gary Thuerk, ya aika da tallar kwamfuta ga mutane kusan 400 a lokaci ɗaya, abin da ake ɗauka a matsayin wasiƙar banza ta farko. Shekaru talatin bayan haka, ƙididdigar kamfanonin tsaron kwamfuta ta nuna cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na dukkan imel da ke yawo a duniya tarkace ne da ba wanda ya nema.

An yi ƙoƙarin maido da wani abu mai kama da kan sarki. A 1992 wasu masana biyu, Cynthia Dwork da Moni Naor, suka ba da shawarar a tilasta wa kwamfutar mai aikawa ta warware wani ɗan lissafi mai cin lokaci kafin kowace wasiƙa ta fita, ta yadda mai aika goma ba zai ji komai ba, mai aika miliyan kuwa ya ji a jikinsa. Adam Back ya fito da irin wannan dabara a 1997 da sunan Hashcash. A taron tattalin arziki na Davos a 2004, shugaban kamfanin Microsoft na lokacin, Bill Gates, ya yi hasashen cewa za a kawo ƙarshen wasiƙun banza cikin shekaru biyu. Hasashen bai tabbata ba, kuma duniya ba ta amince da sa wa imel kuɗi ba. Da yake an kasa sa farashi, sai aka koma ga hanya ta biyu da masana tattalin arziki suka sani wajen rabon kayan da kowa ke so, wato ƙayyade adadi.

Suna shi ne jari

Kowace tashar wasiƙu tana da lambar adireshi a intanet da ake gane ta da ita, tana kuma da sunan yanki, kamar waɗanda ke ƙarewa da .edu.ng na manyan makarantu ko .gov.ng na hukumomin gwamnati. Tasoshin da ke karɓa suna lura da halin kowace lamba da kowane suna. A 1997 Paul Vixie ya fara tattara jerin lambobin da aka kama suna watsa tarkace, kuma a 1998 Steve Linford ya kafa ƙungiyar Spamhaus don wannan aiki. Irin wannan jeri shi ne baƙin littafin intanet. Dubban tasoshi kan duba shi kafin su buɗe ƙofa, kuma duk lambar da aka samu a ciki sai a mayar da wasiƙunta, ko a jefa su a kwandon shara ba tare da mai akwatin ya gani ba.

Abin lura a nan shi ne cewa baƙin littafi bai san mutum ɗaya ba, tasha ya sani. Idan akwati guda a cikin dubu biyar ya yi ɓarna, lambar da dukkansu ke fita da ita ce za a hukunta. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Daga nan sai takardar neman kwangila ta kasa isa kafin ranar rufewa, malamin da ya aika da sakamakon bincikensa zuwa wata mujallar ƙasar waje ya zauna jiran amsar wasiƙar da ba ta isa ba, ɗalibin da ke neman gurbin ƙaro ilimi ya rasa dama don takardar shaidarsa ta ɓace a hanya. Fitar da suna daga jerin yana buƙatar a fara toshe ɓarakar, a nemi afuwa daga masu jerin ɗaya bayan ɗaya, sannan a jira manyan kamfanonin imel su sake sakin jiki, abin da kan ɗauki kwanaki ko makonni. Canza lamba ma ba abu ne mai sauƙi ba, domin lambobin tsohon tsari kimanin biliyan 4.3 ne kacal a duniya, kuma hukumar AFRINIC da ke raba su a Afirka tana yin rabon ne da tsantseni.

Tasoshin Nijeriya suna da ƙarin nauyi a wuyansu. Tun a shekarun 1980 wasiƙun damfara da aka fi sani da 419, sunan da ya samo asali daga sashe na 419 na kundin dokokin manyan laifuka, suke fita ta gidan waya, daga baya ta na'urar faks. Da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fara ba kamfanonin intanet lasisi a 1996, shagunan intanet kuma suka yawaita a manyan garuruwa, sai damfarar ta koma imel. Ko da yake masu irin wannan zamba suna ko'ina a duniya, sunan Nijeriya ne ya manne mata, don haka tashar da ke fitowa daga nan ba ta cika samun uzurin da wata za ta samu ba idan aka ga alamar rashin gaskiya.

A yawancin lokuta mai akwatin da aka yi ɓarna da shi bai ma san abin da ke faruwa ba. Da aka rufe tasoshin da ke isar da wasiƙar kowa, sai 'yan damfara suka koma kama kwamfutocin jama'a da ƙwayoyin cuta suna aikawa ta cikinsu. Girman wannan harka ya bayyana a watan Nuwamba na 2008, lokacin da aka katse layin wani kamfani mai suna McColo a jihar Kalifoniya, yawan wasiƙun banza a duniya ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku na ɗan lokaci. Bayan haka sai suka fi mayar da hankali ga satar kalmar sirri. Za a aiko wa ma'aikaci saƙo mai kama da na ofishin kwamfuta cewa akwatinsa ya cika, ko mai kama da na banki cewa ya sabunta lambarsa ta BVN. Da zarar ya shigar da kalmar sirrinsa, ɓarawo ya samu mabuɗi na halal, kuma tasha ba ta da hanyar bambanta shi da mai akwatin, sai dai ta yawan abin da yake aikawa.

Lissafi kaɗan ya isa ya nuna amfanin iyaka. A ce ɓarawo ya samu akwati ɗaya da ƙarfe goma na dare, na'urarsa tana tura wasiƙa goma a kowace daƙiƙa. A sa'a guda ya aika 36,000. Kafin ƙarfe shida na safe, lokacin da ba wani ma'aikaci a ofis, ya aika 288,000, kuma sunan tashar ya riga ya shiga baƙin littafi. Idan kuwa an ƙayyade wa kowane akwati wasiƙa 200 a sa'a, abin da zai fita a daren bai wuce 1,600 ba. Idan an haɗa da iyakar 500 a yini, a nan zai tsaya. Iyakar ba ta hana sata, amma tana rage asarar zuwa abin da za a iya gyarawa da safe.

Yadda ake sa iyakar

Masu kula da tasoshi kan auna abubuwa huɗu. Na farko, yawan wasiƙun da akwati ɗaya ke aikawa a minti, ko sa'a, ko yini. Na biyu, yawan mutanen da aka jera a kan wasiƙa guda. Na uku, jimlar masu karɓa a yini, domin wasiƙa ɗaya da aka aika wa mutum 400 daidai take da wasiƙa 400 a idon tasoshin da ke karɓa. Wannan na ukun shi ne ma'auni mafi muhimmanci, kuma iyakar da ta ƙirga wasiƙu kawai ta manta da masu karɓa rariya ce. Na huɗu, jimlar abin da sunan yanki gaba ɗaya ke fitarwa, wanda kamfanonin da ke ba da hayar wuri a intanet suka fi amfani da shi ga ƙananan 'yan kasuwa.

Manyan kamfanoni sun wallafa nasu adadin, kuma ana iya ɗaukarsa a matsayin ma'auni. Bisa ƙa'idojinsu na 2024, mai akwatin Gmail na kyauta yana da damar aika wasiƙa 500 a yini, mai akwatin kamfani ko makaranta a tsarin Google Workspace kuma 2,000. Kamfanin Microsoft, a tsarinsa na Exchange Online, ya tsayar da masu karɓa 10,000 a yini ga kowane akwati, da wasiƙa 30 a minti. Ke nan hatta kamfanonin da suka fi kowa yawan na'urori ba su bar ƙofa a buɗe ba, abin da ke nuna cewa dalilin iyakar ya wuce ƙarancin wurin ajiya ko ƙarfin layi.

Hukumar da ke tafiyar da tasharta da kanta ba ta buƙatar sayen wani sabon abu. Manhajojin da aka fi amfani da su kyauta ne. Exim, wadda Philip Hazel ya fara rubutawa a Jami'ar Kambrij a 1995, tana da tsarin ƙayyade gudu a cikinta. Postfix, wadda Wietse Venema ya fitar a 1998, tana iya ƙayyade abin da kowace na'ura ke turowa, ana kuma haɗa ta da ƙananan manhajoji irin su postfwd don ƙirga wa kowane akwati nasa daban. Dabarar da wasu ke bi tana kama da randa mai famfo a kanta: ruwa na ɗiga a hankali daidai gwargwado, mai buƙata na iya ɗiban abin da ya taru a lokaci ɗaya, amma da ya ƙare sai ya jira ta sake taruwa. Ta haka sakataren da zai aika sanarwar taro ga mutum 80 ba zai gamu da cikas ba, na'urar ɓarawo kuwa za ta tsaya cikin minti kaɗan.

Akwai kuma zaɓin abin da tasha za ta yi idan an kai iyaka. Ƙa'idar SMTP ta tanadi amsa iri biyu. Lambar da ta fara da 4 tana nufin a dakata a sake gwadawa, wadda ta fara da 5 kuma tana nufin an ƙi baki ɗaya. Tsakanin tasha da tasha, amsar dakatawa ba ta ɓatar da wasiƙa, domin ƙa'idar ta nemi mai aikawa ya ci gaba da gwadawa har kwana huɗu zuwa biyar. Ga ma'aikacin da ya ɗan zarce adadi, jinkiri ya wadatar. Ga akwatin da bai taɓa aika sama da wasiƙa 20 a yini ba, kwatsam ya fara tura dubbai da tsakar dare, abin da ya dace shi ne a rufe shi nan take, a sanar da jami'in da ke kula, a canza kalmar sirri.

Duk wannan ba ya aiki sai an tilasta wa kowa ya nuna shaidarsa kafin ya aika. Tun a 1998 aka ware wata ƙofa ta musamman, mai lamba 587, don masu akwati su miƙa wasiƙunsu da suna da kalmar sirri, aka bar tsohuwar ƙofa mai lamba 25 don hulɗar tasha da tasha. Ofishin da ya bar kowace kwamfuta a cikinsa tana fita ta ƙofa ta 25 kai tsaye ya yi gini ne ya bar taga a buɗe, domin kwamfuta ɗaya mai cuta za ta kewaye tashar da iyakarta gaba ɗaya.

Inda iyakar take cutarwa

Masu ƙorafi ma suna da hujja. Iyakar da aka sa da ka, ba tare da an auna aikin mutane ba, takan hana halal fiye da haram. A ce wata makaranta tana son sanar da ɗalibai 20,000 ranar biyan kuɗin rajista. Idan daga akwati mai iyakar 500 a yini za a aika, sai an yi kwana 40. A gudun wasiƙa 30 a minti ma sai an kwashe sama da sa'a 11, kuma iyakar masu karɓa 10,000 za ta raba aikin kwana biyu. Jami'in da ya gamu da irin wannan cikas yakan koma amfani da akwatinsa na ƙashin kansa, ko ya raba jerin sunaye ga abokan aiki, sai bayanan hukuma su fita daga hannun hukuma.

Maganin ba ɗaga iyakar kowa ba ne. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su duba kundin tashar na wata ɗaya ko biyu, su ga abin da yawancin ma'aikata ke aikawa, su sa iyaka sama da hakan da 'yar tazara. Sannan su ware hanya ta daban ga ofisoshin da aikinsu sanarwa ne, kamar na magatakarda, da na albashi, da na hulɗa da jama'a. Wannan hanya takan samu nata sunan da lambarta, ta yadda idan ta samu matsala ba za ta shafi wasiƙun yau da kullum ba. Ya kamata kuma a rubuta ƙa'idar a sanar da ita, a bayyana wanda za a nema idan buƙata ta musamman ta taso.

Masu aika da yawa suna da wasu sharuɗɗan daga waje. Daga watan Fabrairu na 2024, kamfanonin Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida ga masu aika wasiƙu da yawa, inda Google ya ja layi a kan 5,000 a yini zuwa akwatunan Gmail. Dole mai aikawa ya tabbatar da sunansa ta hanyoyi uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC, waɗanda a taƙaice suke bayyana tasoshin da ke da izinin aikawa da sunan, su sa wa wasiƙa hatimi, su kuma faɗi abin da za a yi da wadda ba ta da shi. Dole ya ba mai karɓar talla hanyar cire kansa da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin da ake yi a kansa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato uku a cikin dubu. Microsoft ya bi sahu a watan Mayu na 2025. Da yake ɗalibai da 'yan kasuwa da dama a Nijeriya akwatin Gmail ko Yahoo suke da shi, waɗannan sharuɗɗa sun hau kan duk wata hukuma a Minna da ke son saƙonta ya isa gare su.

Abin da doka ta tanada

Gwamnatin soja ta kafa Doka ta 13 ta 1995 a kan damfarar neman kuɗi a gaba. Dokar da ta maye gurbinta a 2006 ta wajabta wa kamfanonin intanet da masu shagunan intanet su yi rajista da Hukumar EFCC, su kuma adana bayanan abokan cinikinsu. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, a sashe na 32, ta tanadi ɗaurin shekara uku ko tarar Naira miliyan ɗaya, ko duka biyun, ga mai yaudarar mutane don satar bayanansu, da mai watsa tarkacen wasiƙu da nufin dagula aikin kwamfuta. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya rage wa'adin kai rahoton kutse daga kwana bakwai zuwa sa'a 72. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ba kowane mutum 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen aiko masa da talla. Jama'a sun riga sun san irin wannan 'yanci a wayar salula, tun da Hukumar Sadarwa ta fito da lambar 2442 a 2016 don toshe saƙonnin talla.

Babu ɗaya daga cikin dokokin nan da ta faɗi adadin wasiƙun da za a bari a aika. An bar wannan ga mai tasha. Sai dai hukumar da ba ta da iyaka, ba ta kuma adana kundin abin da ya fita, za ta sha wuyar gane cewa an yi mata kutse, balle ta kai rahoto a cikin sa'a 72.

Zaɓin da ke gaban hukumomi

Ta fuskar kuɗi, hanyoyi biyu ne. Hukuma na iya riƙe tasharta a harabarta, ta samu cikakken iko a kan iyaka da bayanai, amma ta ɗauki nauyin albashin ƙwararru da layin intanet da wutar da ba ta yankewa. Ko da yake madatsun ruwa na Kainji da Shiroro da Zungeru duk suna Jihar Neja, ofishin da ke son na'urarsa ta kwana a kunne a Minna ba ya rabuwa da janareta ko batir da farantin hasken rana. Ko kuma hukuma ta yi haya a wurin wani kamfani, ta huta da kula da na'ura, amma ta karɓi iyakar da kamfanin ya sa, kuma idan na waje ne, farashin yana bin dala, wadda ta yi tsada ƙwarai tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya sassauta kasuwar canji a watan Yuni na 2023. Hukumomin tarayya suna da kamfanin Galaxy Backbone, wanda aka kafa a 2006 don samar musu da irin waɗannan ayyuka.

Ko wace hanya aka bi, ƙayyade adadi na daga cikin matakan tsaro mafiya araha, domin abin da yake buƙata shi ne 'yan layuka a tsarin manhaja da jami'in da zai riƙa duba kundi. Garin da jami'arsa ke da sashen koyar da tsaron intanet ba zai rasa masu wannan aiki ba. Abin da ya rage ga shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni shi ne su tambayi jami'ansu na kwamfuta abubuwa uku: nawa ne iyakar kowane akwati, wa ake sanarwa idan an kai ta da tsakar dare, kuma ta wace hanya sanarwar jama'a take fita.